Tuba Mai Ɗorewa a Tarbiyyar Ruhi ta Kiristanci: Nazari Daga Majami'un Zariya

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayanin matsayin tuba a rayuwar ruhi ta mabiya addinin Kirista, musamman fahimtarsu cewa tuba aiki ne da mutum yake maimaitawa har ƙarshen rayuwarsa. An bi asalin kalmar a nassosinsu, da dalilan da malamansu suka kafa, da yadda ake aiwatar da ita a ɗarikun da ke Zariya da kewayenta. Daga ƙarshe an kwatanta wannan fahimta da abin da malaman Musulunci suka tabbatar a babin tuba, domin ɗalibi ya san inda aka haɗu da inda aka rabu.

1.0 Gabatarwa

Tudun Wada unguwa ce da ta tashi a zamanin mulkin Turawa tsakanin birnin Zazzau da Sabon Gari. A nan harabar Kongo ta Jami'ar Ahmadu Bello take, inda Musulmi da Kirista suke zama aji guda. Wusasa, tsohuwar cibiyar Hausawa Kiristoci, ba ta da nisa daga nan. Duk wanda ya zauna a wannan yanki ya taɓa jin wa'azin Kirista da Hausa, kuma ya ji kalmomin da ya saba da su a zauren malaminsa: tuba, zunubi, gafara, alheri, tsarki. Kasancewar lafazin ɗaya ne, mai sauraro yakan ɗauka ma'anar ma ɗaya ce. Wani kuma yakan tafi can ɗaya gefen, ya ce ai tunda Kirista ya yi imani an riga an fanshe shi, ba ya bukatar tuba ko kaɗan. Duka zato biyun ba daidai ba ne.

Sanin haƙiƙanin abin da maƙwabci ya yi imani da shi ba ƙaramin al'amari ba ne a ƙasar Zazzau. Rikicin watan Maris na 1987 ya faro ne a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan daga gardama kan wa'azin da ya taɓa addinin wani, kafin ya bazu zuwa Zariya da wasu garuruwa. Malamanmu na farko sun shimfiɗa hanyar da ta fi dacewa. Shaharastani, wanda ya rasu a 548 bayan hijira, ya ɗaukar wa kansa sharaɗi a littafinsa Al-Milal wan-Nihal cewa zai kawo mazhabar kowace ƙungiya kamar yadda ya same ta a littattafanta. A kan wannan tafarki maƙalar za ta bi.

2.0 Yadda Kalmar Ta Shiga Bakin Hausawa Kiristoci

A 1900 wata tawagar mishan ta cocin Angilika ƙarƙashin Bishop Tugwell ta isa Kano, amma Sarki Alu bai ba ta izinin zama ba. Cikin tawagar akwai wani likita ɗan Ingila, Dokta Walter Miller, wanda daga baya ya zauna a Girku, sannan a 1905 ya shiga birnin Zariya a zamanin Sarki Aliyu Ɗan Sidi. Wajen 1929 aka mayar da mishan ɗin Wusasa, inda aka gina majami'ar St. Bartholomew da ginin ƙasa irin na Hausa. Miller ne jagoran fassarar cikakken Baibul zuwa Hausa, wadda aka buga a 1932. Wata sabuwar fassara ta biyo baya bayan kusan rabin ƙarni, kuma tsakanin biyun akwai bambancin sunaye: inda tsohuwar ta ce Matta da Yohanna, sabuwar ta ce Matiyu da Yahaya.

Masu fassarar sun tarar da Hausa cike da kalmomin addini da ta ara daga Larabci ta hanyar Musulunci tun ƙarnoni da suka wuce. Sai suka ɗauki tuba da zunubi da gafara, suka ɗora musu ma'anonin tauhidinsu. Don haka kalmar da Bahaushe Kirista yake furtawa a Wusasa ranar Lahadi tana ɗauke da tarihi biyu: lafazinta daga makarantar allo da zaure, ma'anarta kuwa daga Ibrananci da Girkanci da muhawarorin cocin Turai.

3.0 Asalin Ma'anar a Nassosinsu

A Tsohon Alkawari, kalmar Ibrananci da ake amfani da ita ita ce shub, wato komowa ko juyowa, ma'anar da ta yi daidai da asalin tauba a Larabci. A Sabon Alkawari kuwa kalmar Girkanci ce metanoiya, wadda take nufin sauya tunani da zuciya. Linjilar Markus ta buɗe wa'azin Almasihu da kira zuwa ga tuba da ba da gaskiya (1:15), kamar yadda ta buɗe na Yahaya mai baftisma.

Da a ce nassosin sun tsaya nan, da sai a ce tuba ƙofar shiga ce kawai. Amma malaman Kirista suna nuni da wurare da dama da aka nemi tuba daga wanda ya riga ya shiga. Addu'ar da suke kira Addu'ar Ubangiji (Matiyu 6:9-13), wadda ake karantawa kullum, tana ɗauke da roƙon gafara, kuma ta ɗaure shi da yafe wa mutane. Wasiƙar Yahaya ta farko (1:8-9) ta gargaɗi masu bi cewa wanda ya ce ba shi da zunubi yana ruɗin kansa, ta kuma yi alkawarin gafara ga mai furta laifinsa. A surori na biyu da na uku na Wahayin Yahaya akwai saƙonni zuwa ikilisiyoyi bakwai na yankin da yake yammacin Turkiyya a yau, kuma a cikin biyar daga cikinsu akwai kiran tuba. Bulus ya bambanta baƙin ciki iri biyu (2 Korantiyawa 7:10): wanda ake yi domin Allah, mai haifar da tuba, da wanda ake yi irin na duniya, mai kaiwa ga halaka. Masu wa'azi sukan misalta na farko da Bitrus, wanda ya yi musun ubangidansa ya yi kuka ya komo, na biyu kuma da Yahuza, wanda nadamarsa ta kai shi ga yanke ƙauna.

4.0 Dalilin Ɗorewar Tuba a Tauhidinsu

4.1 Zunubin asali da ragowarsa

Ginshiƙin farko shi ne aƙidar zunubin asali, wadda Augustine, bishop ɗin Hippo (garin Annaba na Aljeriya a yau), wanda ya mutu a 430, ya fi kowa tsara ta a cocin Yamma. A wannan fahimta, saɓon Adamu ya gurɓata ɗabi'ar zuriyarsa duka. Baftisma ko ba da gaskiya tana ɗauke hukuncin, amma karkatar zuciya zuwa ga saɓo tana nan tare da mutum har kabari. Wani malami mai suna Pelagius ya yi jayayya da wannan, yana ganin mutum na iya rayuwa ba tare da zunubi ba da ƙoƙarinsa, sai taron bishop-bishop na Kartaj a 418 ya yi watsi da ra'ayinsa. Tunda cutar ba ta ƙarewa a duniya, maganin ma ba ya ƙarewa.

4.2 Daga tuba sau ɗaya zuwa tuba kullum

Wannan matsaya ba ta zaunu dare ɗaya ba. A ƙarni na biyu da na uku, marubuta irin su Tertullian na Kartaj suna ganin wanda ya aikata babban zunubi bayan baftisma dama ɗaya tak ta rage masa, kuma a bainar jama'a ake yin tubar, tare da horo mai tsanani. Lokacin da Sarkin Rum Decius ya tilasta wa mutane yin hadaya ga gumaka a 250, da yawa sun miƙa wuya, kuma batun karɓarsu bayan sun yi nadama ya raba coci: Novatian ya ƙi, Cyprian na Kartaj ya yarda a karɓe su bayan horo. Daga ƙarni na shida, masu zuhudu na ƙasar Ayalan suka yaɗa al'adar furta zunubi a asirce ga malami, ana maimaitawa gwargwadon bukata. Babban taron Lateran na huɗu a 1215 ya wajabta wa kowane baligi yin haka aƙalla sau ɗaya a shekara.

Sauyi na gaba ya zo ta hanyar fassara. Baibul na Latin da Jerome ya fassara ya juya umarnin tuba da lafazin da ake iya fahimta a matsayin aikata kaffara. A 1516 Erasmus ya buga Sabon Alkawari na Girkanci, ya nuna cewa asalin kalmar sauyin zuciya take nufi. Shekara guda bayan haka, a 1517, Martin Luther ya fitar da batutuwansa 95 a Wittenberg ta Jamus, kuma batu na farko cewa yake yi abin da Almasihu ya nufa da umarnin tuba shi ne rayuwar mai bi gaba ɗayanta ta zama tuba. Wannan jumla ita ce tushen abin da Furotesta suke koyarwa a kan mas'alar har yau. Cocin Katolika ya amsa a taron Trent a 1551, inda ya tabbatar da furci ga fada a matsayin ɗaya daga cikin sakramenti bakwai.

4.3 Barata da tsarkakewa

Furotesta suna rarrabe abubuwa biyu da fahimtarsu take warware ruɗanin da aka ambata a gabatarwa. Na farko barata, wato Allah ya lissafa mutum marar laifi saboda ba da gaskiya ga Almasihu, kuma wannan sau ɗaya yake faruwa. Na biyu tsarkakewa, wato gyaruwar hali sannu a hankali ta aikin abin da suke kira Ruhu Mai Tsarki, kuma wannan ba ya cika sai bayan mutuwa. Tuba ta kullum a babi na biyu take. Sukan kwatanta ta da ɗan da ya ɓata wa mahaifinsa rai: laifin bai cire shi daga gidan ba, amma ya ɓata zumunci, kuma sai da neman afuwa zumuncin yake dawowa. John Calvin ya raba tuba gida biyu, kashe tsohon hali da rayar da sabo, ya ce yaƙi ne da ba ya ƙarewa sai da rai.

5.0 Yadda Ake Aiwatarwa a Majami'un Zariya

A cocin Katolika, wanda ya sami dayosis na kansa a Zariya a 2000, da babbar majami'arsa ta Christ the King a Sabon Gari, tuba tana da rukunai sanannu: nadama, furta zunubi ga fada, warwarewar da fada yake furtawa, da aikin gyara da yake ɗora wa mai tuba, kamar addu'a ko sadaka. An haramta wa fada bayyana abin da ya ji, ko da a bakin ransa. Akwai kuma kwana arba'in na azumi da tuba kafin Ista, waɗanda suke farawa da Larabar Toka, ranar da ake shafa toka a goshi domin tuna mutuwa. Mabiya tarbiyyar Ignatius na Loyola suna da al'adar binciken zuciya kowace rana, wadda ɗalibin tasawwufi zai ga kamanninta da muhasaba.

A cocin Angilika na Wusasa, littafin addu'ar da suka gada daga Ingila ya sanya furcin zunubi na jama'a gaba ɗaya a farkon sujadar safe da ta yamma, tsarin da ya shiga littafin tun bugun 1552. Bishop da manomi da ɗan makaranta duk lafazi ɗaya suke furtawa a durƙushe, mako bayan mako. Manufar tarbiyyar a fili take: babu wanda ya kai matsayin da zai daina cewa ya yi laifi.

A majami'u irin su ECWA, wadda ta fito daga mishan ɗin SIM a 1954, ana ƙarfafa furci kai tsaye ga Allah ba tare da fada ba, da binciken kai kafin cin Jibin Ubangiji, bisa gargaɗin Bulus (1 Korantiyawa 11:28). Wanda laifinsa ya fito fili kuwa akan sa shi a horo, wato a dakatar da shi daga Jibin da riƙe muƙami har dattawa su gamsu da tubarsa, sannan a mayar da shi a gaban jama'a.

Cikin sababbin ɗariku, cocin Deeper Life, wanda William Kumuyi ya faro a matsayin zaman nazarin Baibul a Legas a 1973, ya shahara da koyar da mayar da haƙƙi: wanda ya tuba ya mayar da abin da ya sata, ya biya bashin da ya danne, ya bayyana takardar shaidar da ya samu ta maguɗi. Hujjarsu ita ce ƙissar babban mai karɓar haraji na Yariko (Luka 19:1-10), wanda ya yi alkawarin mayar da ninki huɗu ga duk wanda ya zalunta.

6.0 Amfaninta da Haɗurranta a Wurinsu

Malaman tarbiyyar Kirista suna cewa alamar girma a ruhu ita ce ƙaruwar ganin aibin kai. Sabon mai bi yana tuba daga sata da maye da zina. Wanda ya daɗe yana tuba daga hassada da riya da girman kai, har daga jin daɗin cewa shi mai tuba ne. Masu zuhudun saharar Masar na ƙarni na huɗu, da Yohanna na Dutsen Sina'i wanda ya tsara tafiyar ruhi a matakai talatin, sun gina dukkan tarbiyyarsu a kan wannan. Daga nan, in ji su, tawali'u yake fitowa, da sauƙin yafe wa mutane, domin wanda yake roƙon gafara kullum zai ji kunyar hana ta ga ɗan'uwansa, kamar yadda misalin bawa marar tausayi ya nuna (Matiyu 18:23-35).

Sun kuma san haɗurran. Na farko shi ne mutum ya mayar da alkawarin gafara lasisin saɓo. Bulus kansa ya kawo wannan tambaya ya ƙaryata ta (Romawa 6:1-2), kuma malamin nan Bajamushe Dietrich Bonhoeffer, wanda gwamnatin Hitler ta rataye a 1945, ya soki wa'azin gafara marar tuba a littafinsa na 1937, yana kiransa alheri mai araha. Na biyu shi ne waswasi, inda mutum yake maimaita furci ba ya samun natsuwa, abin da Luther ya yi fama da shi a ƙuruciyarsa. Na uku shi ne tuba ta zama ta fatar baki, ko kuma ta zama baje-koli a gaban jama'a.

7.0 Kwatanci da Tuba a Musulunci

Ɗorewar tuba ba baƙon abu ba ne ga Musulmi. Buhari ya ruwaito daga Abu Huraira cewa Manzon Allah (SAW) yana neman gafara yana tuba fiye da sau saba'in a yini, Muslim kuma ya ruwaito sau ɗari. Gazali ya buɗe rubu'in Munjiyat na Ihya'u da littafin tuba, Ibnul Ƙayyim kuma a Madarijus Salikin ya bayyana cewa tuba ita ce farkon matakai da tsakiyarsu da ƙarshensu. Kowane yaro da ya buɗe Ahalari a zaurukan Zariya, tun a shafukan farko yake haɗuwa da sharuɗɗanta: nadama, barin saɓon nan take, da niyyar rashin komawa, tare da wajabcin mayar da haƙƙin mutane. A nadama da bari da ƙuduri da mayar da haƙƙi, da tsayawa tsakanin tsoro da fata, ɓangarorin biyu suna kusa da juna ƙwarai.

Bambancin yana tushe, kuma wurare huɗu ne. Na farko, madogarar gafara: Kirista yana ganin ana karɓar tubarsa ne saboda fansar gicciye, alhali Alƙur'ani ya kore kisa da gicciye Annabi Isa (AS) (Nisa'i: 157), ya kuma buɗe ƙofar rahama kai tsaye ga masu ɓarna a kan kansu (Zumar: 53). Na biyu, zunubin asali: Alƙur'ani ya tabbatar da cewa an karɓi tubar Annabi Adamu (AS) (Baƙara: 37), kuma babu rai da yake ɗaukar nauyin wani (An'am: 164), mutum a kan fiɗira ake haihuwarsa. Don haka Musulmi yana maimaita tuba saboda rauni da mantuwa, Kirista kuwa saboda ɗabi'ar da yake ganin ta gurɓace tun asali. Na uku, tsani: Musulunci ba shi da malamin da yake warware zunubi, kuma ya kwaɗaitar da mutum ya suturta laifinsa, kamar yadda hadisin masu bayyana saɓo ya nuna a Buhari da Muslim. A nan Furotesta sun fi Katolika kusa da mu. Na huɗu, annabawa: Zabura ta 51, wadda ita ce babbar addu'ar tuba a wurinsu, ana danganta ta da wata ƙissa game da Annabi Dawuda (AS) da malaman Musulunci ba su yarda da ita ba saboda ismar annabawa, ko da yake Alƙur'ani ya ambaci istigfarinsa da komawarsa ga Ubangijinsa (Sad: 24).

8.0 Kammalawa

An ga cewa a Kiristanci tuba ita ce hanyar da mai bi yake bi daga shigarsa har mutuwarsa, ko ta hannun fada, ko a furcin jama'a, ko tsakaninsa da Ubangijinsa. Saboda haka zargin cewa Kirista ba ya ganin bukatar tuba ba shi da madogara a littattafansu, kuma ɗalibin da ya kafa hujja da shi a gaban masaninsu zai zubar da ƙimar sauran hujjojinsa. Haka kuma cewa tubarmu da tasu abu ɗaya ne ya saɓa wa aƙidar ɓangarorin biyu. Alƙur'ani ya umarta a yi jayayya da Ma'abota Littafi ta hanyar da ta fi kyau (Ankabut: 46), kuma hakan ba ya yiwuwa sai an san inda saɓanin yake: a gicciye, da zunubin asali, da tsani, da isma. Fagen da ya rage ga masu bincike shi ne nazarin waƙoƙi da wa'azin Hausawa Kiristoci na Wusasa da ƙauyukan Zazzau, domin a ga yadda ma'anar da kalmar tuba ta zo da ita daga zaure take hulɗa da ma'anar da mishan ya ɗora mata. Allah ne mafi sani.